Takunkumin yara a lakwal: ke da maigidanki, wa ke da gaskiya?

Wata uwa daga unguwar Garin Malam a Damagaram ta aiko da tambaya kamar haka: "Lokacin korona an koro 'yata daga lakwal, wato makarantar boko, har sau biyu don ba ta da takunkumi, tana da shekara bakwai a lokacin. Babanta ya ce ba za ta sa ba, wai yana hana numfashi, kuma cutar ma ta Turawa ce da masu hawa jirgi. Ni na bi bayan mushe, wato malaminsu, na ɗinka mata a ɓoye. Har yau in zancen ya taso sai mun yi musu. Yanzu an zaɓe ni cikin ƙungiyar iyaye mata ta makarantar. Wa ke da gaskiya a cikinmu? In wata annoba ta sake zuwa, me zan gaya wa iyaye?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya taya ki riƙon wannan amana da aka ba ki. Shiga tsakanin mata da miji ba aikina ba ne, amma tun da kin tambaya zan faɗa miki abin da na sani. Na yi fiye da shekara ashirin ina aikin jinya, kuma a 2020 ina cikin waɗanda aka riƙa aikawa makarantu da unguwanni don yi wa mutane bayani. Na sha zagi, na sha addu'a, na kuma koyi abubuwan da ba a koya mana a makarantar aikin lafiya ba. Ga hukuncina tun daga farko: dalilai biyun da maigidanki ya kawo duka ba daidai ba ne, amma ɓacin ransa yana da tushe. Ke kin yi abin da ya dace da kika ɗinka. Wanda ya fi ku duka kuskure shi ne wanda ya tsaya bakin ƙofa ya koro yarinya 'yar shekara bakwai saboda ƙyalle.

Ki tuna yadda abin ya zo mana. Ranar 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya yi jawabi ya ce za a rufe makarantu daga ranar 20 ga wata, a rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram. A ranar da ya yi maganar ba a ma tabbatar da mutum ko ɗaya mai cutar a Nijar ba, sai ranar 19 aka samu na farko. Daga nan aka hana sallar jam'i, aka yi tarzoma a Mirya, nan kusa da mu, azumi ya kama masallatai a rufe, sai ranar 13 ga Mayu aka buɗe su. Makarantu kuwa sai 1 ga Yuni. To uban da ya rako ɗansa bakin lakwal a ranar ya riga ya ƙoshi. An hana shi Juma'a, kasuwa ta mutu saboda iyaka da Najeriya a rufe, bai ga gawar korona a unguwarsu ba, ga shi yanzu ana ce masa ya sayi ƙyalle ya ɗaura wa yaro a baki. Takunkumin yara shi ne abu na ƙarshe da aka ɗora masa, kuma shi ne kaɗai wanda yake da ikon cewa a'a a kansa. Ba zai iya buɗe iyaka ba, amma zai iya cewa 'yarsa ba za ta sa ba.

Ga kuma sunan da kansa. Kafin korona, in Bahaushe ya ce takunkumi me yake nufi? Abin da ake sa wa sa ko raƙumi ko jaki a baki don kada ya ci amfanin gonar mutane ko ya ciji wani. In an ji shi a rediyo kuwa, to horon da manyan ƙasashe ke yi wa ƙasar da ta yi laifi ne. Wani dattijo ya taɓa tare ni da wannan, ya ce, "Malama, jikana dabba ne da za a sa masa takunkumi?" Ban da amsa a ranar. Daga baya na daina amfani da kalmar a taron iyaye, sai in ce ƙyallen hanci, ko kashne kamar yadda 'yan lakwal ke faɗi. Kuma mutanen nan ba baƙin rufe fuska ba ne. Duk hunturu ɗan kabu-kabu yana rufe hancinsa saboda ƙura, Buzu da rawaninsa bai taɓa kukan numfashi ba, matan da ke sa niƙabi suna yini da shi. Rufe hanci ba shi ne abin ƙi ba. Tilas ɗin ne, da sunan, da kuma daga bakin wa umurnin ya fito.

Yanzu maganar numfashi, wadda ita ce hujjar maigidanki ta farko. A wani taron iyaye, ƙarƙashin dogon yaro a tsakar wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba, wani uba mai sana'ar walda ya miƙe ya ce iskar da yaro ya fitar ita yake sake shaƙa, a hankali za ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ya ce ya gani a waya. Mutane suka ɗau "gaskiya ne, gaskiya ne". Ina da ɗan abin nan da muke maƙala wa yatsa ya nuna yawan iskar oksijin a jini. Na kira ɗansa, yaro mai shekara kamar goma sha biyu, na maƙala masa, ya nuna 98. Na sa masa ƙyallen, na ce ya je ya zauna, muka ci gaba da taro. Bayan rabin awa na sake kiransa, ya sake nuna 98. Uban ya karɓi abin ya juya shi, ya maƙala wa kansa, ya ce in ba shi ƙyalle shi ma ya gwada. Bai ce ya yarda ba, namiji a gaban jama'a, amma bai sake tayar da zancen ba.

Dalilin a fili yake. Ƙwayoyin oksijin da na iskar da muke fitarwa sun fi ƙwayar cutar korona ƙanƙanta sau ɗaruruwa, suna ratsa yadi kamar yadda ruwa ke ratsa rariya. Abin da yadin ke tarewa shi ne tsartuwar yawu da ɗan feshin da ke fita in mutum ya yi tari, ko atishawa, ko magana da ƙarfi, don a cikinsu cutar ke hawa. Likitan fiɗa yana yin awa huɗu, awa biyar da abin a fuskarsa, wuƙa a hannunsa, hankalinsa bai gushe ba. Saboda haka a kan yaro mai lafiya, maigidanki bai yi daidai ba. Amma akwai yaran da dole a ware: jariri da wanda bai kai shekara biyu ba ba a sa masa sam, yaron da ba zai iya cire abin da kansa ba, mai asma da ta tashi, mai farfaɗiya, da kurma ko mai ƙarancin ji wanda da leɓen mutum yake gane magana. Kuma ba a sa shi lokacin guje-guje da wasan ƙwallo.

Sai dai fa, rashin hana numfashi ba ya nufin babu wahala. Nan ne mu ma'aikatan lafiya muka yi wa iyaye rashin adalci, muka riƙa cewa ba komai, ba komai. Akwai komai. An buɗe makarantu a watan Yuni, zafin bazara bai gama sauka ba, ga gumin farkon damina. Ki shiga aji mai rufin kwano da ƙarfe goma sha ɗaya na rana, yara sun haura saba'in, uku-uku ko huɗu-huɗu a kan benci, wasu a ƙasa. Yaro ɗan CI ko CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, ba ya barin ƙyalle ya zauna lafiya. Yana tsotsarsa, yana share majina da shi, yana sauke shi ya ci ƙuli-ƙuli ya mayar, ya faɗi a ƙasa ya ɗauka ya kakkaɓe. Kafin a tashi abin ya jiƙe ya yi baƙi. Jiƙaƙƙen ƙyalle ba ya tare komai, sai ƙuraje da yake jawowa a gefen baki. Mushe kuma, wanda zai koya wa yaron da bai taɓa jin Faransanci a gidansu ba bambancin sautin wannan harafi da wancan, dole ya ja nasa zuwa haɓa don yara su ga bakinsa. Ke nan mutumin da ya fi kowa ɗaga murya a ajin, wanda kuma ya fi kowa haɗari saboda shekarunsa, shi ne marar takunkumi.

Abin da na gani da idona wanda ya sauya mini tunani shi ne wannan. Wata safiya na isa wata makaranta da wuri, na tarar da mai gadi a ƙofa yana mayar da duk yaron da bai sa ba. Sai na lura yara na ta shiga, amma ƙyalle shuɗi guda ɗaya nake ta gani. Ashe wanda ya shiga sai ya zagaya bayan katanga inda ta rushe, ya miƙa wa ƙanensa, shi ma ya shiga ya miƙa wa na gaba. Yara biyar na ƙirga, 'yan gida ɗaya da maƙwabta, ƙyalle ɗaya daga baki zuwa baki. Dokar da aka kafa don hana yaɗa cuta ta zama hanyar yaɗa ta. Na yi dariya, sannan na ji kunya. Yaran ba su yi laifi ba, dabara suka yi don kada su rasa karatu. Uban da ke da 'ya'ya shida a lakwal, in kowane ƙyalle dala ashirin ne, kuma ana so kowa ya sami biyu don a riƙa wanki, ki yi lissafi da kanki a shekarar da kasuwa ta mutu. Ga wankin kullum da sabulu, a garin da kowa ya san matsalar ruwansa, inda a bazara mata ke kwana bakin famfo ko su sayi jarka wajen mai ga-ruwa. Wanda ya rubuta dokar a ofis a Yamai bai ƙirga wannan ba.

To shin abin yana aiki ma kuwa? Nan zan daɗe kaɗan, don a nan ne mutane suka fi yi wa juna ƙarya, kowa na jan zaren zuwa gefensa.

A kan mutum ɗaya, babba, wanda ya sa takunkumi mai kyau ya rufe hanci da baki yadda ya kamata, babu shakka yana rage abin da yake fesawa da abin da yake shaƙa. Na asibiti ya fi na yadi, mai matse fuska irin wanda ake kira N95 ya fi duka. A Bangladash an yi babban gwaji a ƙauyuka 600, mutane kusan 340,000, aka fitar da sakamako a 2021. A ƙauyukan da aka raba takunkumin asibiti aka kuma riƙa tunatar da mutane, masu kamuwa da alamun cutar sun ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari, a tsakanin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa da kusan kashi 35. Na yadi bai nuna amfani a fili haka ba. Ki lura, manya aka gwada, ba yara ba.

A kan dokar tilasta wa ƙananan yara a makaranta kuwa, hujjar ba ta da wannan ƙarfin. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen doka ta ce 'yan shekara shida zuwa sama su sa, 'yan shekara biyar ba sai sun sa ba. Masu bincike suka kwatanta waɗannan azuzuwa biyu masu kusancin shekaru, ba su ga wani bambancin kirki a yawan kamuwa ba. A ɗaya gefen, a yankin birnin Boston na Amurka, da aka ɗage dokar a farkon 2022, makarantun da suka daina sun sami ƙarin masu kamuwa kusan 45 cikin kowane mutum 1,000, ɗalibai da ma'aikata, a cikin mako 15, idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba da sawa. A farkon 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen likitanci, ta fitar da rahoton da mutane da yawa suka ɗauka cewa takunkumi ba ya aiki, har shugabar editocinta ta fito ta ce ba haka ake nufi ba, gwaje-gwajen ne ba su isa a yanke hukunci ba. Ni abin da na ɗauka daga duk wannan: ga manyan ɗalibai na CEG da lise, wato 'yan sakandare, a lokacin da cuta ke kan ganiyarta, yana da amfani. Ga 'yan CI da CP, a aji irin namu, da ƙyalle irin namu, amfanin kaɗan ne in ma akwai.

Kuma wannan ba ra'ayina ni kaɗai ba ne. A watan Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da shawara a kan yara. Suka ce ɗan shekara biyar zuwa ƙasa kada a tilasta masa. Daga shida zuwa goma sha ɗaya a duba hali: yawan yaɗuwar cutar a wurin, ko yaron zai iya sawa daidai, ko akwai halin wankewa da sauyawa, ko akwai babban da zai kula, da kuma illar da zai yi wa karatunsa. Daga goma sha biyu zuwa sama ne suka ce a yi kamar manya. 'Yarki mai shekara bakwai tana cikin rukunin "a duba hali". Ba a duba ba. Da yawan daraktocin makarantu ba su taɓa jin wannan rabon shekarun ba, takarda ce ta zo musu daga sama, su kuma tsoron mai duba makarantu suke yi, sai suka ɗaura wa kowa daga ɗan jardan, wanda bai shiga firamare ba, har zuwa ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare.

Korar kuwa babu inda aka rubuta ta a cikin wannan shawarar. A ƙasar da ake fama a kawo 'ya mace makaranta, ake fama ta daɗe a cikinta, ka koro ta gida saboda ƙyalle? Yara sun riga sun yi fiye da wata biyu a gida. Na san 'yan matan da ba su koma ba bayan wannan hutun, wasu talla ta ɗauke su, wasu aure. Kowace kora tana ba uban da dama bai so karatun ba hujjar da yake nema. Maganin yaron da ya zo ba ƙyalle shi ne a ba shi ɗaya daga aljihun tebur, ko a zaunar da shi kusa da taga. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: iyaye sun yi taurin kai, amma makarantu ma sun yi.

Hujjar maigidanki ta biyu, cewa cutar ta Turawa ce da masu hawa jirgi, ita ma ba ta tsaya ba, ko da yake na san inda ya samo ta. Duk tsawon annobar, waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijar ba su kai 10,000 ba, waɗanda aka rubuta sun rasu ɗari uku da 'yan kai. In ka ji ana binne dubbai a Italiya da Amurka, kai kuma ba ka ga haka a Birni ko Zango ba, dole ka yi tambaya. Amsar tana da rassa. Korona tsofaffi ta fi kashewa, mu kuwa kusan rabin mutanen ƙasarmu ba su kai shekara goma sha biyar ba. Rayuwarmu a waje take, a tsakar gida da gindin bishiya, ba a rufaffen ɗaki mai na'urar sanyi ba. Gwaji kuma kaɗan aka yi, tsoho ya yi zazzaɓi da tari kwana huɗu ya rasu, a ce ajali, a yi masa sutura kafin azahar. Amma ta kashe namu. Ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, ɗan Tasker a wannan jihar tamu, ita ta yi ajalinsa ranar 3 ga Mayu 2020. A Kano, wadda rabin danginmu ke can, an yi ta binne dattawa a watan Afrilu na shekarar, daga baya ministan lafiyar Najeriya ya ce daga cikin mutuwar mutum 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da nasaba da korona. Waɗannan ba Turawa ba ne.

Rashin yardar ma ba daga sama ta faɗo ba. Mutanenmu ba su manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga shi masana da kansu sun sauya magana: a farkon annobar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai lafiya ba ya buƙatar takunkumi, sai a watan Yuni 2020 ta ce jama'a su sa. A wurinmu wannan ba abin kunya ba ne, ilimi ne ya ƙaru, an gano mutum na iya yaɗa cutar tun bai fara jin ciwo ba. Amma ba wanda ya zauna ya yi wa iyaye wannan bayanin. Sannan ƙarshen shekarar aka shiga yaƙin neman zaɓe, dubban mutane kafaɗa da kafaɗa a filin taro, manya a kan mumbari fuska a buɗe, kowace jam'iyya. Uba ya dawo daga taron, washegari a koro masa 'ya don ba ta rufe hanci ba. Ko ni ce sai na yi magana.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne. A Faransa, da aka sauko da dokar zuwa 'yan shekara shida a watan Nuwamba 2020, iyaye sun yi ta ƙorafi har da zuwa kotu. A Amurka abin ya zama siyasa tsantsa, ana ihu ana zage-zage a tarukan hukumomin makarantu, gwamnan jihar Fulorida, Ron DeSantis, ya sa hannu a watan Yuli 2021 kan umurnin hana makarantu tilasta wa yara, wasu gundumomi suka bijire masa. Bambancinmu da su shi ne su a kan 'yanci suke faɗa, mu a kan sabulu da ruwa da dala ashirin, da kuma jin cewa an raina mu.

Akwai wasu iyayen da ba a jin muryarsu, kuma ke kina cikinsu. Waɗanda suke so a sa. Bayan kowane taro, in maza sun watse, sai wata ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Malama, uwar mijina na da ciwon suga, ɗaki ɗaya take kwana da yaran, ya zan yi?" Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ma'ana, don yaro ba safai korona ke kayar da shi ba, kakarsa ce abin ji. A gida irin wannan nakan ce manyan yaran su sa a lakwal, kowa ya wanke hannu in ya dawo, wanda ke mura ya ƙaurace wa tsohuwa ya kwana wani ɗaki. Matan nan sun fi masu ihu yawa a ganina, amma tarurrukan iyaye maza ke magana a cikinsu. Shi ya sa kujerar da kika samu take da daraja.

Game da abin da za ki gaya wa iyaye nan gaba, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ku zauna da darakta da kwamitin kula da makaranta ku yi yarjejeniya a rubuce cewa ko wace doka ta zo, ba za a koro yaro saboda abin da iyayensa suka kasa saya ba. Ku nemi a gaya muku cutar da ake gudu, ta wace hanya take yaɗuwa, 'yan shekara nawa dokar ta shafa, kuma yaushe za a sake duba ta. Doka mai ranar ƙarewa ta fi saurin karɓuwa. In za a sa takunkumi, a fara da malamai da manyan ɗalibai da duk mai tari, kuɗin kuma ya fito daga asusun makaranta, telan unguwa ya ɗinka mai ninki uku. A buɗe tagogi da ƙofofi, in da inuwa a fitar da aji waje, wannan ba ya cin ko tamma kuma ya fi jiƙaƙƙen ƙyalle amfani. Yaro mai zazzaɓi ya zauna gida ba tare da an rage masa maki ba. Ku shigo da liman da mai unguwa tun kafin a yanke shawara, ba bayan an yanke a kira su su sanar ba.

Sannan ki sani ba kowace annoba ce takunkumi ke magani ba, kuma waɗanda suka fi cin yaranmu a nan ba korona ba ce. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu. A 2023 mashaƙo ya ɓarke, yankin Matamai ya fi ko'ina jin jiki. Ƙyanda kuwa kusan kowace shekara sai ta leƙo. Duka ukun ta numfashi da tsartuwar yawu suke bi, kuma mai jinyar mai mashaƙo ya kamata ya rufe hancinsa, amma abin da ke tsare yaro daga gare su allura ce. Ta mashaƙo tana cikin allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar da ake yi wa jariri yana da mako shida, da goma, da goma sha huɗu. Ta ƙyanda a wata tara, sannan a ƙara ta biyu. Abin da ya fi damuna da rigimar takunkumi shi ne ta bar tabo: uban da ya yi faɗa da lakwal a 2020, ya ji an raina shi, shi ne yake rufe ƙofa in masu rigakafi sun zo a 2023.

Maigidanki kuwa, kada ki kai masa wannan amsar kamar takardar kotu. Ki fara da inda yake da gaskiya, ki ce malamar asibiti ta ce korar da aka yi wa 'yarsa ba daidai ba ce, kuma a shekarunta ba dole ba ne ma a ɗaura mata. In ya sauko, sai ki ce ku ɗauko karnen rigakafin yaran, wato katin allurarsu, ku duba tare, na babbar da na ƙannenta, ku ga ko akwai layin da ba a cika ba. In akwai, ko yaron ya wuce shekarun, ku kai shi ɗakin shan magani na unguwa ku tambayi majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, abin da za a iya cike masa. Ki gaishe shi, ki gaida yarinyar.